Daren da Ƙauye Ya Kashe Fitilunsa

Tara cikin ɗari, in ji allo,
mu kuwa muna can saman kogin Budhi Gandaki,
inda hanya ta sirance kamar igiyar shanya.
Mutum bakwai a bayana, da ɗan akuya,
da buhun gishiri biyu,
da malamin makaranta da ya ƙi daina duba agogo.

Wurin cajin da na dogara da shi, na bakin kasuwa,
a mace na same shi.
Zaftarewar ƙasa ta jiya ta tafi da falwaya huɗu,
waya na kwance cikin laka kamar macijin da aka gama da shi.
Na jona, na zare, na sake jonawa,
har bakin filogin na hura, wai ko za a dace.

Shekara goma sha tara na yi da mai shan dizal.
Ita in ƙishi ya kama ta, jarka za ka ɗauka ka taka.
Wannan fa? Wa ya taɓa ɗebo lantarki a jarka?

Wani yaro mai majina ya ja min riga:
"Je ka wurin Sunmaya."

Sunmaya Ghale, mai injin niƙa a bakin rafi,
tsohuwa, zobe a hanci, gari har gira.
Ruwan da ke juya mata dutsen niƙa da rana
shi ke juya ɗan injin wuta da dare.
Gida goma sha ɗaya ke sha daga nan,
kowane gida ƙwan fitila biyu, mai hali uku.

Ta zagaya motar, ta dafa ta kamar mai taya saniya.
"Cikinta babba ne," ta ce.
"In ta ci, mu sai haƙuri."
Na yi shiru. Me zan ce?
Sai ta juya wajen tudu ta fara kiran sunaye,
gida-gida, da muryar kiran awaki.

Hasken taga ta farko ya ɗauke.
Ta biyu. Ta uku.
Wani rediyo ya katse a tsakiyar labarai.
Wani dattijo ya yi ƙunƙuni, ya yi tari,
can dai shi ma ya kashe tasa.
Ƙauye ya zauna a duhu saboda baƙuwar mota.

Goma.
Muka sha shayi mai gishiri da man shanu.
Goma sha ɗaya.
Ɗigo-ɗigo, kamar tatsar akuyar da ba ta so.
Ruwa na dukan kwano, rafi na ta surutunsa.
Malamin ya kwance agogon ya jefa a aljihu.

Jikar tsohuwar, Phulmati, gobe take da jarrabawa.
Ta zauna a bakin ƙofa, littafi a rufe kan cinya,
ba ta ce da ni uffan ba,
kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.
Na buɗe motar na kunna 'yar fitilar rufi.
Ai wutar tasu ce.
Ta haye kujerar gaba, ta naɗe ƙafafu,
tana bitar sunayen ƙasusuwan jiki ƙasa-ƙasa,
ɗan akuya na taunar hannun jakarta.

Da asuba, talatin da takwas.
Na ciro kuɗi. Sunmaya ta kalli hannuna
kamar na miƙo mata ruɓaɓɓen abu.
Ta nuna ƙunshin garin tamba da haɓa:
"Ɗana na kwance a asibitin Arughat.
Abincin can ba ya zama masa."

Muka kama gangara.
Motar nan na da wata ɗabi'a da tsohuwar tawa ba ta da ita:
duk birkin da na taka, sai ta haɗiye shi ta ajiye.
Talatin da tara. Arba'in.
Dutse na mayar da abin da ya karɓa jiya.
Malamin ya ce in ƙara wuta, zai makara.
Ban ƙara ba.
Hannu biyu na riƙe sitiyari, kwana bayan kwana,
hasken gida goma sha ɗaya nake ɗauke da shi,
ba na so ya zube.