Launi Goma Sha Huɗu

Hoton Baba guda ɗaya ya rage mana:
yana zaune bayan akwatinsa na gilashi a bakin Kasuwar Rimi,
agogon wani a tafinsa, baki a buɗe kamar zai faɗi farashi.
Na kai wa Sagiru a shagonsa na Fagge,
na ce ya fitar min da zanen ɗinki,
gida-gida, yadda allura za ta gane hanya.

Ya danna, ya ce, "Anti, launi dubu arba'in ne a nan.
Zare nawa gare ki?"
Na buɗe gwangwanin alewa na ƙirga.
Goma sha huɗu, har da wanda ya kusa ƙarewa.

Sai muka fara rage Baba.

A ɗari biyu, shi ne dai.
A sittin, tsatsar jikin akwati ta tafi, ban tanka ba.
A talatin, inuwar rumfa ta haɗiye wuyan rigarsa,
furfurar gemu ta zama ɗaya da simintin bango,
agogon ya rasa hannuwansa,
ba wanda zai ƙara sanin ƙarfe nawa aka ɗauka.
Goshin da na sani da gumi da tabon sujada
ya koma ruwan ƙasa iri uku:
mai duhu, na tsakiya, da wanda ya sha rana.

Na'urar ba mugunta take yi ba, ƙidaya ce.
Launin da ya fi jama'a shi ke samun zare,
marasa rinjaye a tura su gidan maƙwabci.

A goma sha huɗu komai na nan,
hula, hanci, kunnen da ya ɗan karkata,
amma ya daina kallona.
Na matsa har numfashina ya dusar da allon.
Ashe akwai wani ɗigo a idonsa na hagu,
ɗan hasken da ya faɗo daga gilashin akwati,
gida ɗaya tak cikin dubu goma sha biyu.
Na'ura ta ga bai kai a ba shi zare ba.

Sagiru ya ce, "In ya dawo, sai wani ya fita."
Na sallami koren ƙofar da ke bayansa.
Ba tamu ba ce dama, ta mai chemis ce.

Washegari a Kantin Kwari
na sa Ɗanjummai ya sauke farare har shida:
wannan ya yi madara, wannan ya yi alli,
wancan ya yi kama da abin da muka naɗe shi a ciki.
Na ɗauki mai ɗan ruwan toka.
Ya ce, "Ƙulli guda saboda suka ɗaya?"
Na ce ya ba ni canjina.

Wata uku ina bin gidaje ina ƙirgawa,
biyar duhu, biyu tsakiya, tsallake ɗaya,
na warware kumatunsa sau biyu don na yi kure.
Daren jiya na gama gefen hula, ba wuta,
fitilar waya a haƙorina.

Saura gida ɗaya.
Na zura zaren, na ajiye allurar a kan cinya.
Sai na share fuska, na gyara ɗankwali tukuna.