Ɗakin Riɗi

Ɗakin da muke tara riɗi a bayan gida,
shi muka share ranar Laraba.
Tabawa ta kori ɓeraye da tsintsiyar kaba,
Ɗanliti ya toshe rufin da tsohon buhu,
ni kuwa na tsaya ina lissafi:
gadon igiya ɗaya, su kuma mutum huɗu.

An ce manya sun zauna a wani babban birni,
ƙasa uku, tebur ɗaya, ruwan gora a gaban kowa,
suka ce a raba nauyin waɗanda yaƙi ya koro,
kowace unguwa ta ɗauki abin da wuyanta zai iya.
Mu dai abin da ya iso mana Gadarif
takarda ce mai hatimi uku,
da wani yaro a kan babur yana tambaya:
"Su wa za su tsaya musu?"

Gida bakwai muka tsaya.
Barau mahauci ya ce ƙashin miyar Juma'a nasa ne.
Jummala ta ɗauki kuɗin makarantar ƙaramin.
Malam Inusa, da ba shi da komai sai baki,
ya ce shi zai riƙa raka su ofis.
Na takwas ya ce a bari ya yi shawara da aljihunsa.
Har yau suna shawara.

Abrehet sunanta.
Ta haye kogin Setit da 'ya'ya uku
da tulun gahawa naɗe cikin zane,
bakinsa ya ɓantare, amma ba ta yar ba.
Mijinta ban tambaya ba.
Na ga yadda take duban ƙofa in an yi sallama,
wannan ya ishe ni amsa.

Kakana ma da ƙafa ya baro Haɗeja,
da niyyar Makka, shekara tara a hanya.
Nan guzuri ya ƙare, nan jakin ya kwanta bai tashi ba.
Wata tsohuwa da ba ta iya faɗin sunan garinsa ba
ta ba shi rumfa da ƙwaryar asida,
ba ta nemi hatimin kowa ba.
Makka bai gani ba, mu ya gani.
In aka ce mini baƙo raɓa ne,
sai in ce: to, ga raɓar da ta kwana shekara ɗari,
har ta yi rijiya a tsakar gida.

Ba zan ce daɗi kawai aka sha ba.
Dawa ta yi tsada a wata na uku,
Ɗanliti ya fara ƙirga lomar yara da ido,
sai da na tuna masa wa ya ƙirga tasa.
Takardar kuma wata shida aka ba ta rai,
Malam Inusa ya cinye takalmi biyu kafin a ƙara mata.
An ce wata ƙasa a ƙetaren teku za ta karɓi wasu,
an liƙa sunaye a bango,
Abrehet ta je ta duba, ta dawo ta hura gawayi.

Yanzu kaka ta yi, riɗi ya shigo,
buhu goma sha ɗaya, babu wurin sa su.
A ɗakina aka jera,
ina kwana tsakaninsu kamar 'yar kasuwa,
ina tashi da ƙanshin mai a kallabina.

Jiya da magariba, ina alwala,
Haftom, ƙaramin, ya tsuguna gabana
ya tattaro duk Hausar da ya tsinta a lungu
ya ce, "Kaka, ina kwana?"

Tabawa ta fashe da dariya, za ta gyara masa.
Na ce ta bar shi.
Kwana ya tambaya,
kuma sun kwana.