Mai Kunun Bakin Fili

Shekara tara ina nan da tukunyata,
gefen fili, can bayan Rumde Ajiya.
Kafin ladan ya yi shiru na hura wutata,
ni ke fara ganin 'yan gudun Garwa.

Jibirilla, ƙirji kamar ƙyauren zaure,
ya naɗa leda a ciki ƙarƙashin riga,
wai kitse ke narkewa in gumi ya tsiyaya.
Na ce, yaro, abin da ke zuba ruwa ne,
sha moɗa biyu ka ga nauyi na dawowa.

Ya ce shan ruwa a fili aikin rago ne,
haka kocinsu ya ji a bakin kocinsa.
Watan Afrilu, ƙasa na ƙona tafin sawu,
zagaye na shida sai ƙyaure ya kife.
Ruwan randata, ɗan gishiri, ɗan sukari,
da su ya farfaɗo a cikin inuwa.

Sali ɗanyen ƙwai yake fasawa, har huɗu,
ya toshe hanci, ya runtse ido, ya haɗiye.
Asta 'yata, mai aikin asibiti,
ta ce dafaffe ya fi kama jiki,
ɗanyen kuwa wani sa'in sai gudawa.

Haman ya sayar da wayarsa sabuwa
don gwangwanin gari daga Duwala,
da hoton wani ƙato mai damatsa.
Ban ce guba ba ne.
Amma abin da ya biya jaka sha biyar
yana cikin wake, yana cikin gyaɗa,
da kindirmo, da kifin Binuwai a kasuwa.
Gari ba ya ɗaga ƙarfe don kowa.

Akwai Dairu, ɗan mai facin taya,
kunun gyaɗa ludayi uku, ƙosai biyar,
gorar ruwa a hammata, barci da wuri,
ran Juma'a ko takalmi ba ya sawa.
Suna kiransa ango, wai ya cika hutawa.

Ranar tseren gada ban rufe tukunya ba.
Dairu bai ci ba, na uku ya zo,
amma da ƙafarsa ya koma gida,
har ya tsaya ya taya ni kwashe kwanuka.

Jibirilla yanzu yana zuwa da gora.
Ledar dai, in ya juya, ina jin ƙararta.
Dala arba'in nake binsa tun bara,
kullum sai ya ce gobe, yana dariya, yana wucewa.