Gawo Bai Yarda Ba

Samaniya ɗari biyu da sha ɗaya gare ni cikin kwamfuta,
kowace da sunanta.
Shekara bakwai ina hawa rufin shagona a Bagalam
ina tsintar su ɗaya-ɗaya, kamar ƙwan zabi:
"hadarin Jiratawa, ranar Laraba",
"jan yamma a bayan gulbi",
"girgije mai kama da raƙumi ya durƙusa".

Ranau ya shigo bayan la'asar
da waya mai tsagaggen gilashi.
Gonar babansa ce, can hanyar Tibiri,
hoto ɗaya tak da tsohon ya yarda aka ɗauke shi:
malfa a ka, manjagara a hannu,
gawo a bayansa,
sama fara fat kamar takardar da ba a fara rubutu ba.
Ya ce, "Jaka biyu zan ba ka.
Sa masa hadari.
Duk rayuwarsa shi ya yi ta jira."

Na ja linzami.
Malfa ba ta ba ni wuya ba, zagaye ɗaya ta fita.
Kafaɗa, ƙotar manjagara, bakin rumbu can nesa,
duk suka miƙa wuya.
Gawon ne ya ƙi.
Tsakanin ganye da ganye tsohuwar samaniya ta maƙale,
fari-fari, kamar tsaki a bakin rariya.
Na ƙara girman hoton har ƙaya ta kai yatsana,
na bi ta ina gogewa.
Sau biyu aka ɗauke wuta,
sau biyu na koma gindin bishiyar.

Sai na shimfiɗa hadarin Jiratawa a baya,
baƙi wuluk, cikinsa ya yi nauyi.
Na rage wa ƙasa haske don kada ta tona ni,
na dushe inuwar tsohon,
na zuba ɗan shuɗi a kan yashi.
Wallahi har ƙamshin ruwa na ji a shago.

Washegari kabu-kabu ya sauke su su biyu.
Inna Tsahara ta matso har numfashinta ya taɓa gilashi.
Ta daɗe.
"Wannan mijina ne. Wannan gonarmu ce.
Samaniyar nan fa, ta wa?"

Ranau ya dubi ƙasa.

"Ɗan nan, a ina ka taɓa ganin gawo da ganye
hadarin tsakiyar damina na bisa kansa?
Ruwa na sauka yake tuɓewa,
sai kowa ya bushe yake sa riga.
Kuma naka ta yamma ya taso.
Namu ta bayan rumbun can yake zuwa.

Ranar nan ni na kai masa fura.
Ko ɗigon girgije babu.
Ya ɗaga malfa ya duba, ya ce saura kwana arba'in,
ya koma ga shararsa.
In ka cire masa jiran,
wa ka bar mini a hoton?"

Awa huɗu na yi a kan aikin.
Dannawa ɗaya ya tafi.
Fari ya dawo ya cika tsakanin ganyen,
inuwar tsohon ta koma gindin ƙafarsa,
gajera, baƙa, ta tsakar rana.

Ta kwance bakin zane ta ƙirga kuɗin wankewa.
Na ce a bar shi. Ta ajiye bisa tebur,
ta ce a yi mata babba, wanda za ta gani ba tabarau.

Kafin magariba na hau rufi.
Ba komai a sama, ko shirwa.
Na ɗauka duk da haka.
Ta ɗari biyu da sha biyu ke nan,
na daɗe ban samo mata suna ba,
sannan na rubuta: "saura kwana arba'in".
Har yau ba wanda ya nemi a sa masa ita.