Tukunyar Wuta

Dachung ya shigo shagona da sanyin la'asar,
ya rungumo kwamfutarsa kamar mai kai ɗa asibiti.
Tun kafin ya sauke na ji ƙaurin,
ƙaurin roba, ƙaurin araha.

Na ce, ban gaya maka ba a watan jiya?
Ya ce, Malam Tasi'u, ana tsakiyar yaƙi ne,
saura mu biyu a fili, ni da wani ɗan Legas,
sai na ji fas!
Allo ya yi baƙi, ɗaki ya yi tsit,
ba abin da ya rage sai ruwa a kan kwano.

Kuɗin dankalin damina biyu ya zuba a katin hoto,
mai fanka uku, mai fitilu kamar shagon gwal,
sannan ya tsinto masa tukunyar wuta
a bakin titi, wajen mai baza kaya a kan kwali.
Ka sayi bijimi, ka ɗaure shi da zaren ɗinki!
Araha dai ba ta ado.

Yau ga sabuwa a kan teburina.
Baƙa ce wuluk, da nauyin dutsen niƙa,
wat dubu cif aka rubuta a gefenta.
Ba ta da fitila ko ɗaya.
Ba wanda zai ɗauke ta hoto ya nuna wa abokai.
Mazauninta can ƙasa, a lungu, fuska ga bango,
kamar mai tuƙin tuwo a gidan suna:
kowa ya ci ya lashe hannu,
ba mai tambayar sunanta.

Wayoyinta ba a jikinta suke ba.
Suna cikin jaka a naɗe, kowace da irin bakinta.
Mai haƙora ashirin da huɗu ta babban allo ce.
Mai takwas ta ƙwaƙwalwa.
Biyu na katin hoto, shi cinsa ba na wasa ba ne.
Sauran?
A mayar da su jaka sai ranar da aka neme su.
Abin da ya sa nake sonta ke nan,
ba ta cusa wa ciki abin da bai roƙa ba,
ta bar wa iska hanya.
Ni da nake jan wayoyin shekara arba'in a ƙirjina,
har da waɗanda ba su haɗe da komai,
na san darajar wannan.

Kakana ya haƙi kuza a Bukuru har huhunsa ya gaji.
Ana loda ta a jirgin ƙasa,
bai taɓa tambayar inda za ta ba.
In na leƙa ta ragar fanka
na hango ɗigon dalma yana ƙyalli,
sai in ce wa ya sani,
ko ƙasarmu ce ta zaga duniya
ta dawo Taminus a cikin kwali
da kuɗin kwastan a kanta.
Dachung ya ce, ai kakana ma.
Na ce, wataƙila rami ɗaya.

Noti huɗu na ɗaure.
Kowace waya na tura sai ta ce ƙas.
Ya yi addu'arsa a ransa, na yi bisimilla,
na ce danna da hannunka.

Fanka ta juya, ko kukan sauro ba ta kai ba.
Katin hoto ya farka, ja, shuɗi, kore,
launi ya cika fuskar yaron har kunne.

Sai aka ɗauke wuta.

Layin duka ya yi a'a! da baki ɗaya.
Ƙaramin janaretona ya dube ni, na dube shi,
shi ma ya san wannan ta fi ƙarfin wuyansa.
Komai girman randa, sai an kawo mata ruwa.

Na aika a karɓo shayi biyu, mai kauri.
Muka zauna a duhu, mu da wat dubu.
Ya ce, Malam, nawa ne batir da sola yanzu?
Na hura kofina.
Na ce, sha shayinka tukuna,
wannan sai dankalin baɗi.