Haruffa Bakwai

Da asuba na kankare ƙanƙara daga gilashin mota
da katin banki mai ɗauke da sunan Dale.
A bana dai, wannan ne amfanin farko da sunan ya yi mini.

Kotun Duluth a kan tudu take.
Daga matakala ana hango tafki,
da jirgin tama guda yana jiran a ɗaga masa gada.
Ni ma jiran na zo yi:
lamba arba'in da biyu, benci mai sanyi,
ga wani saurayi yana kaɗa ƙafa saboda tarar gudu da mota.

Takarda ta ce: sunanki na yanzu.
Na rubuta Ilona Brandvold,
hannu na tafiya shi kaɗai
kamar jakin da ya san hanyar gida.
Shekara ashirin da shida ina sa hannu da shi,
a bashin gida, a takardar asibiti,
a ƙasan sakamakon jarrabawar Tessa.
Takarda ta ce: sunan da kike nema.
Nan alƙalami ya cije.
Nema? Abin da na tashi da shi tun ban yi haƙori ba?
Kayan aro na zo mayarwa,
na daɗe da sanin ba ya rufe katara.

Koskela.
Kakana ya taho da shi daga Finland cikin akwatin katako,
tare da wuƙa ɗaya da safar ulu.
Babana ya rubuta shi da jan fenti a jikin kwanon abincinsa
don kada 'yan dakon tashar jirgi su yi masa musanya.
Ni kuwa ranar aure kyauta na bayar da shi,
ana tafi, ana yanka kek.
Yau sai da dala ɗari uku zan fanso shi,
da shaidu biyu.

Ƙanwata Aili ta sa jan baki kamar mai zuwa biki.
Tsoho Oberg, maƙwabcina, kunne ɗaya ke aiki.
Alƙaliya ta ce masa, ka san wannan matar?
Ya ce, ita ke ba ni tumatir.
Ta juyo gare ni: ba bashi kike gudu ba? Ba laifi?
Na ce a'a, ranki ya daɗe.
Abin da na gudu na riga na bar shi
a wani gida mai koren ƙofa.
Hatimi ya sauka, tim.
Minti huɗu.
Na fi haka daɗewa wajen zaɓen labule.

A bakin ƙofa Tessa ta bugo waya.
Mama, yanzu ni kaɗai ce Brandvold ke nan?
Na tsaya, iskar tafki na yankan kunnena.
Na ce, riƙe naki, ya yi miki kyau.
Ke da shi aka haife ki, ni sawa na yi.
Ta yi shiru. Ban sani ba ko ta yafe.

Saura lasin tuƙi, saura banki,
saura bajen ƙirji na ɗakin wankin asibiti,
saura akwatin wasiƙa, wanda ko na ɓamɓare haruffan
inuwarsu za ta zauna a fenti har bazara.

Mun shiga shagon shayi mu ji ɗumi.
Yarinyar ta ce, wane suna zan sa?
Na faɗa, na maimaita, na jera mata harafi harafi.
A kan takardar goge baki na gwada sa hannu.
K ɗin ta fito a karkace,
rubutun 'yar shekara goma sha tara.

Koskela!
Ban waiga ba.
Na zaci babana ake kira,
shi da ya shekara tara a ƙasa.
Sai da Aili ta zungure ni da gwiwar hannu:
ke, tashi mana, shayinki na hucewa.