Rasit Uku a Panteka

Daga tsohuwar ganga nake fidda murhu,
daga mataccen inji, tukunya.
Barau ne ya koya mini,
da guduma da faɗan safiya.

Yau kafin hantsi rasit uku:
na shara, na rumfa, na allon da ban kafa ba.
Sharar tana nan, ta girmi autana.

Hukuma, ban ce ki tafi ba.
Kama ɓarawo,
raba ni da mai cin iyakata,
cike ramin da ke karya mana amalanke.

Amma kuɗin murhuna,
bar ni da Asabe mu ja ciniki,
albarka ko sallama, tsakaninmu ne.

Gishirin miya muka ce ki zama.
Sai ga ki da buhu.